Haɗa Kan Na'urorin Gwamnati: Ginin Manhaja Bisa Tsarin Hidimomi



Mas'alar da aka ɗora mini nauyin bayyanawa yau, in an dube ta sama-sama, sai a ce ta injiniyoyin kwamfuta ce su kaɗai. Amma ina fata kafin mu tashi daga wannan zaure za ku yarda da ni cewa ta fi shafar Babban Sakatare da akawun rajista da talakan da ke tsaye a bakin taga fiye da yadda ta shafi injiniya. Don haka bari in soma da mutum, in ya so mu gangaro kan na'ura daga baya.

Ku ɗauki ma'aikacin da ya cika shekara 35 yana bauta wa ƙasa, lokacin ajiye aikinsa ya yi. Da ya je neman haƙƙinsa, sai a ce ya kawo takardar ɗaukarsa aiki ta farko, da ta tabbatar da shi, da ta ƙarin girmansa na ƙarshe, da shaidar shekarunsa, da shaidar cewa ba a bin sa bashin gida ko na mota. Kowace ɗaya daga cikin takardun nan gwamnati ce ta rubuta ta, ita ta buga mata hatimi, kuma kwafinta yana kwance a wani ofishi nata. Duk da haka dattijon nan shi zai yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshin, da fayil a hammata, yana kai wa gwamnati labarin da ita ta ba shi tun farko. Watau ya zama masinja tsakanin hannun dama na hukuma da hannunta na hagu, ba albashi, ba kuɗin mota.

Da kwamfuta ta shigo ofisoshi, an zaci wannan wahala ta ƙare. Abin da ya faru kuwa shi ne kowace ma'aikata ta je kasuwa ita kaɗai, ta sayo na'urarta, ta ɗauko ɗan kwangilarta, aka gina mata manhaja daidai da bukatarta ta wannan shekara, ba wanda ya tambayi maƙwabciya abin da take yi. A ƙasar nan tamu, Hukumar Zaɓe tana da rajistarta, Hukumar Kiyaye Haɗura tana da ta masu lasin tuƙi, Hukumar Shige da Fice tana da ta masu fasfo. An kafa hukumar katin shaidar ɗan ƙasa, NIMC, a shekarar 2007. Aka soma rajistar layukan waya a 2011. Babban Banki ya fito da lambar BVN a 2014. Mutum ɗaya, yatsu goma, amma an ɗauki hoton yatsun nan sau biyar ko shida, kowane ɗauka da kuɗinsa da layinsa. Kabad ɗin ƙarfe ya koma na lantarki, amma makullin yana nan a aljihun mai ofis, dattijonmu kuma yana nan bisa hanya da fayil ɗinsa.

To, yaya za a sa waɗannan na'urori su yi magana da juna? Hanyoyi uku aka gwada a duniya.

Ta farko ita ce wadda hankali ya fi saurin kawowa. In Ma'aikatar Kuɗi tana bukatar wani bayani daga Ofishin Shugaban Ma'aikata, sai a kira injiniya ya ɗinka musu wata 'yar hanya tsakaninsu su biyu. Gobe wata bukata ta taso, a sake ɗinka wata. Wannan yana tafiya lafiya muddin ofisoshin ba su da yawa, amma ku yi lissafin tare da ni. In ofisoshi 10 ne, kowanne yana son magana da kowanne, hanyoyi 45 ake bukata. In sun kai 30, hanyoyin sun zama 435. In 50 ne, 1,225. Kowace hanya kuma an yanka ta ne daidai jikin manhajoji biyun da ta haɗa, saboda haka ranar da ofishi ɗaya ya sake manhajarsa, duk hanyoyin da suka taɓa shi sun tsinke. Daga nan sai tsoro ya shiga, a daina gyara komai don kada a ɓata wani abu da ba wanda ya san inda ya nufa.

Hanya ta biyu ita ce a ce a rushe duka, a gina ƙatuwar manhaja guda ɗaya wadda kowa zai shiga cikinta. Wannan shawara tana da daɗin ji a ɗakin taro, 'yan kwangila kuma suna ƙaunarta ƙwarai. Gwamnatin Birtaniya ta bi ta a shekarar 2002, lokacin da ta ƙaddamar da shirin haɗa bayanan marasa lafiya na asibitocin Ingila a ƙarƙashin manyan kwangiloli 'yan kaɗan. A 2011 ta ba da sanarwar wargaza shirin, daga baya kuma aka yi hasashen kuɗinsa ya tasam ma fam miliyan dubu 10, babban burinsa kuwa bai cika ba. Ba kuɗi suka rasa ba, ba kuma masana. Abin da ya kayar da su shi ne asibitoci sun bambanta a yadda suke aiki, likitoci ba a shawarce su yadda ya kamata ba, kuma gini mai girma haka kafin a kai rufinsa bukatun da aka zana shi dominsu sun riga sun sauya.

Hanya ta uku ita ce batunmu. Masana suna taƙaita sunanta da haruffa uku, SOA, ni kuwa zan kira ta ginin manhaja bisa tsarin hidimomi. Masu nazari na kamfanin Gartner ne suka fara yaɗa sunan a 1996, ko da yake tunanin ya girmi sunan.

Mene ne hidima a nan? Ku tuna rajistar ofis ta zamanin da, wadda ake gudanar da ita bisa ƙa'ida. Akwai taga. In kana son fayil, sai ka cika 'yar takarda mai gurabe sanannu, ka miƙa, akawu ya shiga ciki ya dawo maka da abin da ka nema, ko kuma ya ce babu, ya rubuta sunanka a littafi. Ba a barinka ka shiga ɗakin ka yi ta bincike da kanka. Ba ruwanka da ko bisa harufa ya jera fayilolin ko bisa lamba. In ya ga dama ya sake jerin kabad ɗinsa gaba ɗaya cikin dare, da safe kai ba za ka sani ba, tun da tagar tana inda take, takardar cikawa kuma ba ta sake ba. Hidima ita ce wannan taga, sai dai mai tambaya da mai amsawa duka manhajoji ne. Kowace ma'aikata tana riƙe da rumbun bayananta, tana ci gaba da amfani da manhajar da ta saba, amma sai ta buɗe tagogi 'yan kaɗan, kowace taga da aikinta guda: wannan ta tabbatar da lambar ɗan ƙasa, waccan ta faɗi ko kamfani yana da rajista, wata ta faɗi ko an biya haraji.

Ginshiƙin abin duka shi ne yarjejeniya. Mai taga yakan rubuta a fili cewa, in ka aiko mini da kaza da kaza a wannan siffa, zan mayar maka da kaza cikin daƙiƙa kaza, in kuwa an sami kuskure ga yadda zan sanar da kai. Da zarar an wallafa wannan, ya zama alkawari. Mai taga ba shi da ikon sake shi da rana tsaka, sai dai ya buɗe sabuwar taga kusa da tsohuwar, ya ba mutane wa'adi su ƙaura. Abin da ke bayan tagar kuwa nasa ne, ya gyara yadda ya so. Wannan shi ake kira sassauƙan ɗauri: an haɗa ma'aikatu, amma ba a ɗaure ƙafar wata da ta wata ba. Sa'an nan akwai kundi guda inda ake jera dukan tagogin gwamnati da yarjejeniyar kowacce, domin mai gina sabuwar manhaja ya duba ya ga abin da yake nema ko an riga an tanada, kada ya sake tara bayanin da wani ya tara. In muka koma ga lissafinmu na ɗazu, ofisoshi 50 ba sa bukatar hanyoyi 1,225. Kowanne ya koyi ƙa'ida guda ya shiga, sau 50 ke nan.

Game da harshen da na'urorin ke magana da shi, ba zan tsawaita ba, ɗaliban kimiyyar kwamfuta sun fi ni bukatar wannan a aji. An daidaita tsarin rubuta saƙo mai suna XML a 1998, aka ɗora masa ƙa'idojin SOAP da WSDL, na farko don ambulan ɗin saƙo, na biyu don rubuta yarjejeniya. A shekarar 2000 Roy Fielding ya bayyana wata hanya mafi sauƙi cikin kundin digirinsa na uku, wadda ake kira REST, ita ce kuma ta rinjaya daga baya. Ga mai mulki, abin lura ɗaya ne: ƙa'idojin nan a buɗe suke, ba mallakar wani kamfani ba ne, kowa yana iya karantawa ya yi aiki da su.

Bari mu bi saƙo guda mu ga tafiyarsa. Ɗan kwangila ya nemi aikin gina azuzuwa. A tsarin da aka saba, zai kawo takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da takardar rajistar kamfani, jami'i ya ɗaga su sama ya duba hatimi, ya yi fatan na gaskiya ne. A tsarin hidimomi, jami'i zai shigar da lambar kamfanin kawai. Manhajarsa ta aika tambaya ga tagar hukumar rajistar kamfanoni, ta aika wata ga tagar hukumar haraji, amsoshin su dawo kafin ya ajiye alƙalami. Ku lura da irin amsar. Hukumar haraji ba ta bukatar ta zazzage masa ribar kamfanin da basussukansa. Tambayar ita ce ko ya biya, amsar kuwa i ko a'a. Takardar jabu ta rasa kasuwa, domin ba a tambayi ɗan kwangila takarda ba sam. Kuma kowane ɓangare ya rubuta a littafinsa cewa wane ya tambayi kaza, ranar kaza, da ƙarfe kaza.

Wani alheri na wannan tsari shi ne ba ya tilasta a zubar da tsohuwar manhaja. Ana iya ɗinka mata riga, watau a sa wata 'yar manhaja a gabanta wadda ke karɓar tambaya da sabon harshe, ta fassara wa tsohuwar, ta dawo da amsa. Kada ku zaci mu kaɗai ke fama da tsofaffin kaya. A watan Afrilu na 2020, da annobar korona ta jefa ɗimbin mutane cikin rashin aiki, gwamnan jihar New Jersey ta Amurka ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL, harshen kwamfuta da aka ƙirƙira a 1959, saboda manhajar biyan marasa aiki ta jihar da shi aka rubuta ta. Riga ba ta mayar da tsoho yaro, amma tana ba da damar a sauya abin da ke ciki sannu a hankali, ba tare da masu zuwa taga sun ji a jikinsu ba.

Yanzu sai tambayar da masana suka fi yin gardama a kanta: wa zai tsaya a tsakiya? Wasu sun ce a kafa dillali guda, kowane saƙo ya bi ta hannunsa, shi zai fassara, shi zai rarraba. Amfaninsa a fili yake, amma dillalin da kowa ke bi ta wurinsa yakan ga sirrin kowa, in ya kwanta ciwo kasuwa ta tashi, in kuma ya yi ƙiba sai ya koma irin ƙatuwar manhajar da muka gudo daga gare ta. Ƙasar Beljiyam ta kafa irin wannan cibiya da doka a 1990 domin hukumominta na fensho da inshorar lafiya da tallafin marasa aiki, amma ta yi dabara: cibiyar ba ta tara bayanan mutane, tana riƙe ne da jerin wace hukuma ke da fayil ɗin wa, da wanda aka yarda ya tambaya.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Estoniya, 'yar ƙaramar ƙasa a gaɓar tekun Baltik, wadda ta maido da 'yancinta daga Tarayyar Sobiyet a 1991. Mutanenta wajen miliyan 1.3 ne, ba su kai na birnin Kano ba. Ba su da kuɗin sayen ƙatuwar manhaja, kuma tarihi ya koya musu tsoron tara sirrin jama'a a wuri guda. A 2001 suka ƙaddamar da abin da duniya ta sani da suna X-Road. Kowace hukuma da ta shiga tana kafa wata na'ura a bakin ƙofarta, mu kira ta mai gadi. In hukumar 'yan sanda tana son bayani daga rajistar motoci, saƙon yakan fita ta wurin mai gadinta, ya sa masa hannu na lantarki, ya kulle shi, ya aika kai tsaye ga mai gadin ɗaya hukumar. Cibiyar ƙasa ba ta ganin saƙon. Aikinta shi ne riƙe jerin 'yan ƙungiya da tabbatar da cewa kowane mai gadi shi ne wanda ya ce shi ne. Ana buga wa saƙonni hatimin lokaci, ta yadda ba mai iya musun ya tambaya, ba kuma mai iya musun amsar da ya bayar.

Amma na'urar ita ce ƙaramin ɓangaren labarin. Kowane ɗan Estoniya yana da lamba guda mai alƙaluma 11 wadda dukan hukumomi ke amfani da ita. An soma ba da katin shaida mai ƙwaƙwalwar lantarki a 2002, doka kuma ta ba sa hannu na lantarki ƙarfin sa hannu na alƙalami. Dokarsu ta hana hukuma kafa sabon rumbu domin tara bayanin da wata hukuma ta riga ta tara. Sa'an nan, abin da ya fi burge ni, ɗan ƙasa yana iya shiga ya duba wace hukuma ce ta leƙa bayanansa a manyan rajistoci, in bai gamsu ba ya nemi a ba shi dalili. Sun sha jarrabawa: an kai wa shafukan gwamnati da na bankunansu farmaki ta intanet a watannin Afrilu da Mayu na 2007, a 2017 kuma aka gano wani rauni a katunan shaida sama da 700,000, aka dakatar da su har sai an sabunta. Tsarin ya tsallake duka biyun. A 2016 aka buɗe rubutun manhajar ga kowa kyauta, a 2018 kuma aka haɗa ta Estoniya da ta Finlan, hukumomin ƙasashen biyu suka sami hanyar tambayar juna. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin tana cikin ƙasashen da suka ɗauki irin wannan tsari da taimakon Estoniyawa.

Mu dawo gida. Ba daidai ba ne a ce ba a yi komai ba. An soma tsarin biyan albashi na bai ɗaya, IPPIS, a 2007. Tsarin kula da kasafi da kashe kuɗi, GIFMIS, a 2012. Aka tilasta wa ma'aikatun tarayya asusun bai ɗaya a 2015. Hukumar NITDA, wadda aka kafa a 2001, ta wallafa ƙa'idojin yadda manhajojin gwamnati za su yi magana da juna. A watan Fabrairu na 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ba da sanarwar cire sunaye 23,846 daga jerin masu karɓar albashi, bayan an gwama jerin da lambobin BVN. Ku duba abin da ya tona asirin nan. Ba sabon bayani aka tara ba. Rajista biyu da ke zaune kowace a ɗakinta aka sa suka dubi juna. Abin da tsarin hidimomi ke nema shi ne wannan duba ya daina zama gangami na shekara-shekara da kwamiti da alawus, ya zama abin da ke faruwa da kansa kowane wata kafin a biya ko sisi. Mun kuma ga tagar NIMC tana aiki: tun Disamba 2020 da aka umarci a haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa, kamfanonin waya ke aika mata tambaya, haka ma hukumar JAMB tun 2021, haka masu ba da fasfo.

Tun da a jami'a muke, ba zan tsallake rikicin IPPIS ba. Ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta ƙi shi, tana cewa bai san malamin da ya tafi hutun bincike wata jami'a ba, bai san malami mai ziyara ba, kuma ya tauye ikon majalisun gudanarwa. Gwamnati kuwa ta ce ita ke biya, dole ta san wanda take biya. Batun yana cikin dalilan yajin aikin 2020 da na 2022, har a Disamba 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a fitar da manyan makarantu daga tsarin. Na san rikicin yana da saiwoyi na siyasa da na rashin yarda da juna, ba na kuma cewa injiniya zai iya warware su. Amma a ganina akwai kuskuren gini a ciki. An tambaya, manhajar wa za a yi amfani da ita, tamu ko taku? Da an tambaya, wane bayani ne Akanta Janar yake bukata daga kowace jami'a kowane wata, a wace siffa, kuma yaya zai tabbatar da shi, da wataƙila jami'a ta riƙe manhajarta, ta buɗe taga, kowa ya sami abin da yake nema.

Kada in bar ku da zaton wannan tsari ba shi da aibu. Aibinsa na farko daga alherinsa ya fito. Da zarar kowa ya dogara ga taga guda, ranar da ta rufe kowa ya tsaya. Mun ɗanɗana wannan a farkon 2022, lokacin da tagar tabbatar da lambar ɗan ƙasa ta yi kwanaki ba ta aiki, masu neman sabon layin waya da masu neman fasfo suka yi cirko-cirko. Saboda haka duk hidimar da wasu suka rataya a kanta tilas ta kasance da na'ura ta biyu a wani gari, da wutar da ba ta yankewa, da kuma rubutacciyar ƙa'ida ta abin da jami'i zai yi in amsa ba ta zo ba. A ƙasa mai jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, inda sakatariyoyi da yawa ke kwana da tashi bisa janareta, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne.

Na biyu shi ne ingancin abin da ke cikin rumbun. Taga ba ta gyara ƙarya, sauri kawai take ƙara mata. A nan mu Hausawa muna da namu ciwon. Mutum guda shi ne Muhammad a takardar firamare, Mohammed a banki, Muhammadu a katin zaɓe, Mamman a wurin aiki. In ya tsallaka Maraɗi ko Damagaram, rubutun Faransanci ya mai da shi Mahamadou, Usman kuma ya koma Ousmane. Wani sunan mahaifinsa ya sa a gurbin sunan iyali, wani sunan garinsu, mace ta yi aure ta sake nata. Dubban mutane an rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa don ba a yi musu rajista ba lokacin da aka haife su. Manhajoji da yawa har yau ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai Ɗanladi ya zama wani mutum dabam da Danladi. Akawu mai hankali yakan dubi fuskar mutum ya gane shi ne; na'ura kuwa sai ta ce bai dace ba, a rufe asusun tsohuwa a ƙauye, ta rasa wanda za ta kai wa kuka. Maganin shi ne a yanke, ga kowane irin bayani, wace hukuma ce maganarta ta zama ta ƙarshe, kuma a sauƙaƙa wa mutum hanyar gyara kuskure a wuri ɗaya, gyaran ya bi sauran da kansa.

Na uku shi ne sirri. Hanyar da ta sauƙaƙa wa jami'i na gari aiki ita ce ta sauƙaƙa wa mugu. A 2024 'yan jarida da masu kare haƙƙin jama'a sun bankaɗo wasu shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Nijeriya a kan kuɗi ƙalilan. An sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a watan Yuni na 2023, wannan kuwa mataki ne mai kyau, amma doka tana bukatar littafin da ke nuna wanda ya tambaya, da mai duba littafin, da hukuncin da aka taɓa zartarwa a kan wani har mutane suka ji labari.

Na huɗu, wanda ma'aikatan da ke zauren nan suka fi ni sani, shi ne halin ofis. Bayani iko ne, wani lokaci kuma hanyar samun kuɗin shiga ce. Hukumar da aka ce ta buɗe taga za ta tambaya, wa zai biya kuɗin na'urar da za ta ɗauki tambayoyin wasu? In amsar ta fita da kuskure, wuyan wa za a kama? Tambayoyi ne na gaskiya, ba a amsa su da wasiƙar umarni kawai. Sai an sa su cikin kasafin kuɗi da cikin doka. A watan Janairu na 2009 wata masaniya, Anne Thomas Manes, ta rubuta maƙala tana cewa sunan SOA ya mutu, domin kamfanoni sun kashe maƙudan kuɗi wajen sayen kayan da aka liƙa wa sunan ba tare da sun sake yadda suke aiki ba, ko da yake ta ce bukatar hidimomin tana nan. Haka kuwa aka yi: tunanin ya ci gaba da wasu sunaye, har da abin da ake kira ƙananan hidimomi a yau. Saboda haka in ɗan kasuwa ya zo ofishinku da akwati ya ce ga SOA ya kawo muku, ku ba shi ruwa ya sha, ku sallame shi.

Ga Babban Sakataren da ke son farawa, shawarata ita ce kada ya fara da zanen gwamnati duka. Ya zaɓi wahala guda da jama'a ke sha, alal misali ta dattijon da muka soma da shi, ya zauna da akawunan da ke aikin, su lissafa kowace takarda da ake nema da ofishin da ya ba da ita. Sau da yawa za a tarar takardu takwas daga ofisoshi uku suka fito. Tagogi uku ke nan. In sun yi aiki shekara guda, ma'aikata ta gaba da ta zo da bukatarta za ta tarar biyu daga cikinsu suna jiranta. Kuma duk kwangilar manhaja da za a sa wa hannu daga yau, a rubuta a ciki cewa bayanan na gwamnati ne, ana iya fitar da su a siffar da kowa ke iya karantawa, cewa manhajar za ta zo da tagoginta da rubutacciyar yarjejeniyarsu, kuma cewa za a horar da ma'aikatan gwamnati su riƙe ta. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi wuya, domin matashin da ya iya wannan aiki, albashin mataki na 8 ba ya riƙe shi, banki ko wani kamfani na ƙetare zai ɗauke shi cikin shekara biyu. Hukumar ɗaukar ma'aikata da masu tsara albashi su ke da amsar wannan, na kuwa ga wasunsu a layin gaba.

Shugaba, a nan zan dakata, in saurari tambayoyi.